Ba aron labari ne ya lalata littattafan almarar matasa ba

Kwanan baya na kalli wani ɗan bidiyo a TikTok, wata budurwa tana ɗaga sababbin littattafan almara ɗaya bayan ɗaya tana tallata su. Ba ta faɗi yadda aka rubuta ko ɗaya daga ciki ba. Abin da take jerowa shi ne: wannan akwai maƙiya da suka koma masoya, wannan akwai marainiyar da ba ta san ita ce magajiyar sarauta ba, wancan kuma samari biyu ne suke son yarinya ɗaya. Da na nuna wa wasu abokaina biyu, ɗaya ya ce ai duk satar Harry Potter ce, ɗayan kuma ya ce a ƙyale su, littattafan yara ne, wa yake neman gwaninta a ciki?

Amsoshin nan biyu sun fi bidiyon ɓata mini rai.

Ra'ayina shi ne, masu kukan cewa littattafan nan duk labari ɗaya ne sun ga ciwon amma sun ɗora hannu a inda ba nan yake ba. Aron ƙashin labari ba laifi ba ne, kuma babu marubucin da bai yi ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne marubucin da zai zauna ya kalli abin da ya aro da idonsa, ya tambayi kansa yadda zai kasance in da gaske ya faru da mutum, sannan ya rubuta shi da jumlolin da shi ya ƙera. Masu cewa matashi ba ya bukatar wannan kuwa, raina matashin suke yi.

Kowa aro ya yi

Mu fara da zargin sata, don shi ya fi sauƙin warwarewa. Littafin farko na Harry Potter ya fito a 1997. Shekara 29 kafin nan, a 1968, Ursula K. Le Guin ta fitar da A Wizard of Earthsea, labarin yaro mai baiwar sihiri da ya tafi makarantar matsafa, ya yi abokin gaba a cikin ɗalibai, ya kuma samu tabo a fuska daga wani mugun abu da ke bibiyarsa. In kamanceceniya ce sata, to sai mu fara kama J.K. Rowling, marubuciyar Harry Potter. Amma duk wanda ya karanta littattafan biyu ya san ba su haɗa komai ba in ban da wannan ƙashin.

Tolkien da ake kira uban wannan fanni ma haka ne. Sunayen wadanninsa, har da na matsafin nan Gandalf, daga wata tsohuwar waƙar mutanen arewacin Turai ya kwaso su. Ɓarawon da ya saci kofi daga taskar dodo mai aman wuta har dodon ya fusata ya ƙone gari, yana nan a cikin Beowulf, tsohuwar waƙar Ingilishi, ɗaruruwan shekaru kafin littafinsa The Hobbit na 1937. Da The Hunger Games ya fito a 2008, an yi ta cewa kwafin Battle Royale ne, littafin Japan na 1999 da shi ma ake tilasta wa yara kashe juna. Suzanne Collins, marubuciyar The Hunger Games, ta ce ba ta san da shi ba lokacin da take rubutu, ta kuma nuna tsohon labarin Girkawa na samari da 'yan matan da ake kai wa dodo a matsayin haraji. Ko ka yarda da ita ko ba ka yarda ba, tushen ya girmi su biyun.

Tun a 1928 wani masani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya bi tatsuniyoyin ƙasarsa ya ce matakai 31 ne kacal ake ta juyawa a cikinsu: jarumi ya bar gida, a hana shi wani abu ya karya dokar, ya samu mai taimako, ya yi karo da mugu, ya dawo. Kenan wanda ya shiga kantin littattafai yana neman labarin da ba a taɓa jin irinsa ba zai daɗe yana nema.

To ina sabon yake?

Yana cikin abin da marubuci ya yi da kayan aron. A littafin Le Guin, yaron ne da kansa ya saki inuwar da ke farautarsa, saboda girman kai da son ya burge abokin hamayyarsa. Ya yi ta gudu daga tsibiri zuwa tsibiri, har malaminsa na farko ya ce masa ya juya ya bi ta. Da suka haɗu, sunan da ya kira ta da shi sunan kansa ne. Babu rundunar mugaye, babu sarkin duhu da za a sare wa kai. Akwai kuma wani ɗan wuri da ba na mantawa: ruwan sama ya kama yaron da malamin nasa a hanya, yaron na jiran ya ga an kori hadarin da kalma ɗaya kamar yadda ƙananan matsafa ke yi, malamin kuwa ya raɓe ƙarƙashin bishiya ya bar ruwan ya zuba. A duniyar littafin, in ka kori ruwa daga nan, wani wuri ka kai shi, ko ka jawo wa wasu fari. Wannan zaman da tsohon ya yi cikin ruwa ya koya wa mai karatu dokar sihirin duniyar fiye da shafi goma na bayani.

Diana Wynne Jones, a Howl's Moving Castle na 1986, ta ɗauki tsohon zancen mayya ta yi wa budurwa asiri. Asirin ya mayar da yarinya 'yar shekara 18 tsohuwa tukuf. Marubuci mai gaggawa kuka zai sa ta yi ta yi har a karya asirin. Jones ta tsaya ta yi tunani, ta ga cewa yarinya mai kunya da tsoron mutane, in ta wayi gari tsohuwa, gaɓoɓinta za su yi ciwo amma bakinta zai buɗe, don tsohuwa ba ta jin nauyin kowa. Daga wannan lura guda ɗaya duk daɗin littafin ya fito.

Yanzu ɗauki abin da aka fi yawan gani. Yarinya ta gano wuta na fita daga tafin hannunta. A yawancin littattafan da ke cika kantuna, shafi biyu ake ba ta ta firgita, sai wani saurayi mai faɗin kafaɗa da tabo a gira ya bayyana ya ce mata ita ce wadda aka daɗe ana jira, daga nan sai horo, sai yaƙi. Wutar ba ta taɓa ƙona abin da ba a so ta ƙona ba.

Ni kuwa abin da nake so in gani shi ne daren farko. Ta farka ta tarar da shatin yatsunta biyar baƙi ƙirin a jikin zanen gado, ta juya zanen ta ɓoye. Ƙaninta ƙarami ya rugo zai kama hannunta kamar kullum, ta fizge, yaron ya tsaya yana kallonta bai san laifin da ya yi ba. Uwar ta ga zanen ranar wanki, ba ta ce komai ba, amma daga ranar ta daina miƙa mata jariri. Ba a ƙara ko sabon dodo ɗaya a nan ba, wutar ce dai da kowa ya sani. Bambancin shi ne wani ya zauna ya bi ta har cikin ɗaki.

Jumlolin da suka gaji

Matsalar ba ta tsaya a tsarin labari ba, ta sauko har kan jumla. Masu karanta irin waɗannan littattafai da Turanci sun mayar da wata jumla abin dariya saboda yawan maimaita ta: jaruma ta saki numfashin da ba ta san tana riƙe da shi ba. Ka buɗe littafi bayan littafi, tana nan. Haka zuciya mai dukan ƙirji, da muƙamuƙin saurayi da ke ɗaurewa in ya fusata, da idanun da ke canza launi. Haka jarumar da za ta tsaya gaban madubi a babi na farko ta lissafa mana gashinta da hancinta, ta ce ita ba kyakkyawa ba ce, alhali duk namijin da ke littafin zai faɗi a kanta.

Jumla irin wannan ba kuskuren nahawu ba ce. Alama ce cewa a daidai wurin marubucin bai ga komai ba, sai ya miƙa hannu ya ɗauko abin da ke kusa. Tsoro ba iri ɗaya ba ne a jikin kowa. Wani surutu yake kamawa, wani ya shiga gyara abin da ba ya bukatar gyara, wani ya ji fitsari. Marubucin da ya san jarumarsa zai san wanne ne nata. Wanda bai san ta ba, zuciyarta kawai zai sa ta buga.

Sai kuma zuba bayani. An ƙirƙiro masarautu bakwai, kowace da tutarta da kalar sihirinta, an zana taswira a shafin farko, sannan a sa mutum biyu da aka haifa a ƙasar su zauna suna gaya wa juna tarihin da dukansu suka sani, don mai karatu ya ji. Ba wanda yake magana haka. Kuma sau da yawa in ka tambayi abin da mutanen masarautun nan suke nomawa, ko wa ke kwashe shara a fadar, ko me ya hana mai sihirin warkarwa zama attajirin ƙasar, babu amsa. An ƙawata bango, ba a haƙa tushe ba.

Jones ɗin nan ta gaji da irin wannan har ta rubuta littafi sukutum a 1996, The Tough Guide to Fantasyland, a siffar jagorar matafiya, tana yi wa fannin nata shaƙiyanci: dawakan da ba sa gajiya kamar kekuna, da masaukin da kullum ake faɗa a cikinsa. Kusan shekara talatin ke nan, kuma yawancin abin da ta lissafa yana nan daram.

"Ai na yara ne"

Wannan ita ce hujjar da na fi ƙi. Da farko ma ba gaskiya ba ce gaba ɗaya. Wani bincike da kamfanin Bowker ya yi a Amurka a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan matasa sun kai shekara 18 ko sun wuce, kuma mafi yawansu kansu suke saya wa. Rukuni mafi girma a cikinsu 'yan shekara 30 zuwa 44 ne. Kenan kaso mai tsoka na abin da ake bugawa da sunan 'yan shekara sha huɗu, manya ne ke juya akalarsa da kuɗinsu, shi ya sa ake samun jaruma 'yar sha shida mai tunani da soyayyar 'yar talatin.

Ko da a ce duk yara ne, sauƙin harshe daban, sakaci daban. Rubuta wa matashi ya fi wuya, don ba zai yi maka kara ba. Babba zai iya jure shafi hamsin marasa daɗi saboda an ce masa littafin na da daraja. Yaro ajiyewa zai yi. Kuma a shekarun nan ne kunnen mutum ke koyon yadda jumla mai kyau take sauka. Wanda aka ciyar da shi gajiyayyun jumloli shekara biyar, su zai ɗauka a matsayin rubutu, su kuma zai rubuta in ya tashi.

An kuma riga an nuna cewa ana iyawa. The Amber Spyglass na Philip Pullman ya ci kyautar Whitbread ta littafin shekara ta 2001 a Ingila, ya doke littattafan manya, karo na farko da littafin yara ya yi haka. Frances Hardinge ta maimaita da The Lie Tree a 2015, lokacin an sauya wa kyautar suna zuwa Costa. Ba wanda ya ce musu su rage gwaninta don masu karatunsu ƙanana ne.

"Ba dai suna karatu ba?"

Wannan hujjar tana da nauyi, ba zan yi kamar ba ta da shi ba. Yaron da ya haɗiye littafi mai shafi ɗari biyar a kwana biyu ya samu wani abu, ko da littafin bai taka kara ya karya ba. Kuma abin da ni na gani sau ɗari, shi karo na farko ke nan da ya gani. Marayan da ya zama zaɓaɓɓe sabo ne fil a wurin ɗan shekara sha biyu. Akwai ma daɗi na musamman a sanin inda labari zai je, kamar yadda yaro ke neman a maimaita masa labarin da ya haddace. Ban ga laifin mai karatun da ke son wannan ba.

Wanda nake tuhuma shi ne mai bugawa. Dubi yadda abin ke zuwa kamar ambaliya. Twilight ya fito a 2005, kantuna suka cika da samari masu shan jini da mala'ikun da aka koro daga sama. The Hunger Games ya yi kasuwa, sai ga gwamnatocin zalunci da ke rarraba matasa rukuni-rukuni, Divergent na 2011 na cikin waɗanda suka fi shahara. Bayan A Court of Thorns and Roses, littafin Sarah J. Maas na 2015, sai fadojin aljanu da sunayen littattafai masu ƙira ɗaya, abu kaza na kaza da kaza, har mutum ya kasa tuna wanne ya karanta. Ba marubuta ne suka yi mafarki iri ɗaya a dare ɗaya ba. A harkar bugu, sabon marubuci yakan gabatar da littafinsa ne ta hanyar ambaton littattafai biyu ko uku na kwanan nan da suka yi kasuwa waɗanda nasa ya yi kama da su. Littafin da bai yi kama da komai ba yana da wuyar sayarwa tun a ofis, kafin ya ga kanti.

Akwai ma kamfanonin da aikinsu shi ne su tsara labari a taron ma'aikata, su ɗauki marubuci haya ya cike. The Vampire Diaries, wanda ya fara fita a 1991, da irin wannan yarjejeniya aka rubuta shi, haƙƙin mallaka na kamfani ne. A 2011 aka sallami L.J. Smith daga jerin littattafan da ita ta fara, aka ba wani ya ci gaba, sunanta na nan a bango. In marubuci abin cirewa ne a sa wani ba tare da an damu ba, to an riga an faɗa mana matsayin muryarsa a wannan lissafi.

Ga kuma cutar littafi uku. Labarin da zai ƙare lafiya a littafi ɗaya sai a ja shi ya zama uku, na tsakiyar babu komai a ciki sai tafiya da rigimar masoya da za ta warware da tambaya ɗaya. A kan matsa wa marubuci ya kawo littafi duk shekara, alhali na farkon ya ɗauke shi shekaru yana gogewa. Ana ganin bambancin a shafi.

Christopher Paolini ya fara Eragon yana ɗan shekara 15, kuma masu sharhi sun yi ta nuna inda ya bi sawun Tolkien da Star Wars. Ban taɓa jin haushinsa ba. Duk mai koyo da kwaikwayo yake farawa, haka dubban matasan da ke rubutu a Wattpad, dandalin wallafa labarai a intanet, yau. Amma edita babba da ya karɓi rubutun mai koyo, ya ga zai sayu a haka, ya ƙi zama da shi su yi aikin gyara, ya cuci yaron ya kuma cuci masu karatunsa.

Sauya riga

A 'yan shekarun nan an buɗe ƙofa ga labaran da aka gina kan al'adun Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya, maimakon fadojin Turai na da. Na yi murna da wannan, ya ma makara. Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, wanda ya ɗebo daga addinin gargajiyar Yarabawa, ya yi kasuwa sosai a 2018, ya kuma sa kamfanoni suka fara neman irinsa.

A nan ma sai an yi hattara. In aka ɗauki labarin nan dai na zaɓaɓɓiya da yarima mai fushi da masarautar da ta haramta sihiri, aka sauya sunaye da tufafi kawai, ba a yi sabon abu ba, kayan aro ne da ba ya rufe katara. Al'ada ba ado ba ce da za a yafa wa labari. Ya kamata ta canza abin da mutanen ciki ke tsoro, da wanda suke jin nauyi, da abin da suke ganin ya kai a mutu a kansa. Jarumar da ta fito daga gida mai yawa amma take yanke duk shawararta ita kaɗai, ba ta tunanin kowa sai saurayinta, sunanta kawai aka canza.

Nnedi Okorafor ta nuna yadda ake yi a Akata Witch na 2011. Shi ma labarin yara ne masu koyon sihiri, har an yi ta kiransa Harry Potter na Najeriya. Amma a duniyarta, kuɗin matsafa daga sama suke faɗowa a gaban mutum duk lokacin da ya koyi wani abu na gaske, kuma abin da jama'a ke gani naƙasa ne a jikin yaro, kamar zabiyancin jarumar, shi ne ƙofar baiwarsa. Dokoki biyu ke nan da suka juya ma'anar arziki da ta daraja a cikin littafin gaba ɗaya, har wanda ya fi kowa matsayi ya zama mai kula da ɗakin karatu.

Abin da nake nema daga masu sharhi da masu tallar littattafai a intanet ƙarami ne. In za ku yaba littafi, bayan kun gama lissafa mana maƙiyan da suka koma masoya, ku buɗe shi ku karanta mana sakin layi ɗaya da babbar murya. Kamfanonin bugu suna bibiyar abin da kuke yi fiye da yadda suke bibiyar masu sharhin jaridu, don sun ga yadda bidiyo ɗaya ke tayar da littafin da ya shekara biyar a kwance. Muddin jerin sinadaran labari kawai kuke nunawa, shi za su ci gaba da umartar marubuta su kawo.